Inda Hayaƙi Bai Taɓa Ba

Zazzaɓin ya kama ni ne bayan azahar. Na kwanta a tabarma cikin ɗakin zaure, farin kwali a kan ƙirjina, babu ko ɗigon fensir a jikinsa.

Gobe ake karɓar aiki. Malam Ɗayyabu, wanda nake koyon zane a wurinsa tun da na gama sakandare, zane ɗaya zai zaɓa a cikin namu ya kai wa masu tantancewa a kwaleji. Wanda aka ɗauki nasa ya samu gurbin karatu. Abin da aka ce mu zana shi ne wanda ya raine mu. In ban kai komai ba, Baffana ya riga ya share mini benci a shagonsa na facin taya, kuma na yi masa alkawarin ba zan yi gardama ba.

Wadda ta raine ni kakata ce, Iya Tabawa. Ita kuwa cewa ta yi a'a.

"Angona," ta ce da na je mata da maganar, "zana turmi, zana tukunya, zana takalminka mai wari. Amma fuskata ba za ta hau takarda ba. Ba na so gobe kiyama a tsayar da kai a ce ka busa mini rai, kai da ko wutar murhu ba ka iya busawa ba."

"Iya, makaranta ce fa."

"Ko fadar wa ce. In ka sace ta ina barci, ban yafe ba."

Na san fuskar nan kamar yunwar cikina. Ido rufe zan zana ta. Iya ba ta zuwa kwaleji, ba ta duba jakata, ba wanda zai gaya mata. Abin da ke cina ke nan, ya fi zazzaɓin zafi.

Idona ya yi nauyi. Kwalin ma ya yi nauyi. Na ji yana faɗi, ya wuce kafaɗuna, ya wuce tabarmar, ya tura bangon ɗakin baya. Da na yunƙura, sai na gan ni tsaye a kansa.

Fari gabas, fari yamma. Ba rana, amma haske ko'ina. Na duba ƙasa, ba ni da inuwa. Na yi tafiya, sawuna ba ya fita.

"Ɗan samari! Nan, nan!"

Wani dogo ne siriri, sanye da riga ruwan ɗorawa wadda ta sha guga har ta sandare. Kansa a fiƙe yake, baƙin tsini a inda hula ya kamata ta zauna. A gindin rigarsa akwai sawun haƙora. Na gane su. Nawa ne.

"Fensir," na ce.

"Alhaji Fensir," ya gyara mini. "Biyo ni. Matsalarka ƙarama ce. Ni na zana sarakuna, na zana 'yan ƙwallo, na zana matan da ba su san an zana su ba. Tsohuwa ɗaya ce za ta gagare mu?"

Yana magana ɓawon katako yana nannaɗowa daga wuyansa yana zuba. Duk kalmar da ya faɗa sai ya rage tsawo. Shi bai lura ba.

Muka shiga wata kasuwa da babu masu sayarwa. Hanci kashi-kashi a kan buhu kamar tattasai. Kunnuwa a shanye a igiya kamar busasshiyar kuɓewa. Leɓɓa a jere a tire, wasu suna motsi. A tsakiya ga wani babban daro cike da ruwa, idanu suna iyo a ciki, duk inda na juya su juyo.

"Ɗiba," in ji Fensir. "Ba mai gani."

Ya miƙo mini faifai. Hannuna bai jira ni ba. Ya ɗauko goshi mai layi-layi, ya ɗauko kumatun da suka zube, da tsagar gado a gefen kowanne. Ya ɗauko bakin da goro ya rina, da giɓin haƙori na hagu. Na jera su. Ita ce. Ban taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba. Idon dama na saka a rufe. Saura na hagu.

Na tsoma hannu a daron, idon ya zo da kansa ya kwanta a tafina. Da ɗumi. Ya kalle ni. Ba harara ba ce. Irin kallon nan ne da take yi mini in ina cin abinci, tana ƙirga lomata a zuci.

Fuskar da ke kan faifan ta ja numfashi, ta saki ɗan minshari.

"Barci take!" Fensir ya yi tsalle. Yanzu iyakarsa gwiwata. "Yanzu ne lokaci. Duba can!"

Can gaba ƙofar kwaleji ta buɗe, iska mai ƙamshin fenti tana fitowa. Na waiga. A bayana tayoyi ne, manya da ƙanana, suna gangarowa a hankali, kowacce tana sakin iska ta hujinta, suna kiran sunana. Hambali. Hambali.

"Layi ɗaya ya rage maka," in ji Fensir. "Ɗaya tak!"

Na daɗe a tsaye. Sannan na sunkuya na mayar da idon cikin ruwa. Na kifar da faifan. Goshi da kumatu da baki suka tashi sama kamar an kori tsuntsaye a shanya, suka ɓace.

Fensir ya yi ta zagina. Ya ce ni bagidaje ne, ya ce hannuna na faci ne dama. Ya zaga har ya koma kamar ɗan yatsa, ya zaga har ya koma tsinin kawai, tsinin ya ƙara wata magana da ban ji ba, ya karye. Ƙofar kwalejin ta rufe. Tayoyin suka kewaye ni suka kwanta.

Na zauna. Ban yi nadama ba, amma ban ji daɗi ba.

Tarin ɓawon da Fensir ya bari ya fara hayaƙi. Ya kama da wuta, ta ci, ta lafa. Da ta mutu, sai ga wani tsoho zaune a cikin tokar, baƙi wuluk, jikinsa duk tsaga. In ya motsa sai ka ji ƙara siririya kamar an taɓa kwalba.

"Sannu, Baba."

"Gawayi," ya ce. "Da can itacen marke ne ni. Tsuntsaye sun yi sheƙa a kaina. Wuta ta ci abin da za ta iya ci. Ni ne abin da ta kasa."

"An hana ni zana ta, Baba."

"Ita aka hana ka, ko fuskarta?"

Na juya na kalli farin filin da ya kewaye mu.

Ya nuna filin da haɓarsa. "Farin nan ke ba ka tsoro?"

"Shi ne."

"Ɓata shi."

"Kwali ɗaya gare ni."

"Ɓata shi duka."

Ya sa hannun dama ya kama na hagu, ya ɓalle shi daga kafaɗa, ƙas, ya marmashe mini a tafukana. Na durƙusa na shafa a ƙasa, kaɗan, kamar mai gwada zafin ruwa. Baƙin ya kwanta. Wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjina ya kwance.

Na shafa da hannu biyu. Na shafa da gwiwa, da goshi, da baya. Na yi gudu ina jan baƙi a bayana kamar mayafi. Na rufe gabas, na rufe yamma. Na bi ta kan kasuwar na shafe ta rumfa-rumfa. Na zo kan tayoyin, baƙi ya haɗu da baƙi, suka nitse, muryarsu ta ɗauke. Na yi tsalle na kama gefen sama na jawo ta ƙasa na turmuje ta. Dariya nake yi. Rabona da dariya har na manta yadda take fita.

Tsohon yana ta ba ni jikinsa, ƙafa, haƙarƙari, wuya. Da ya rage baki kawai, sai bakin ya ce, "Nawa ya ƙare. Sauran na ƙaramar ne."

Duhu ya rufe. Ko hannuna ba na gani.

Na taka wani abu mai laushi.

"Wayyo! Marar kunya, ba ka gani ne?"

"Ba na gani."

"Dama yaushe ka taɓa ganina?"

Na laluba na ɗago ta. Wata 'yar guntuwar mata ce mai ƙiba, gefenta ɗaya ya cinye, tana ƙamshin roba. Kilinata ce, wadda nake goge kuskure da ita. Ta zauna a tafina ta juya mini baya.

"Sai ka yi ɓarna kake nemana," ta ce. "Ka murje ni, ka hure ni, ka wurga ni ƙarƙashin gado. Fensir kuwa aljihun gaba, kusa da zuciya. Ka taɓa jin an ce kilina ta yi zane?"

"Ban taɓa ba."

"To ɗaga ni. A hankali, ba tuwo kake tuƙawa ba."

Na ɗaga ta na goga a jikin duhun. Wani siririn haske ya fito, kamar an ɗan buɗe ƙofa da hantsi. Na ja da baya.

Ta yi dariya. "A kan fari ni mai shara ce. A kan baƙi fitila ce ni."

"Me zan goge?"

"Ni na zauna da ita? Tambayi wanda ya fi ka sanin bayanta."

Ƙamshin daddawa ya fara zuwa, da na itacen da bai gama bushewa ba. Sai tari, mai nauyi, daga ƙasa. Wani abu mai faɗi yana tahowa yana jan ƙafa, ƙasa tana zubowa daga kafaɗunsa. Ya tsaya a gabana. Ban gan shi ba, amma na san shi. Bangon madafinmu ne, na kusa da murhu.

"Hambali," ya ce. "Kullum ka shigo ka ɗauki kwanonka ka fita. Ba ka taɓa gaishe ni ba."

"Ina wuni."

"Lafiya. Tun ba a haifi ubanka ba hayaƙi ke shafa ni, safe da yamma. Ya rufe ni daga sama har ƙasa. Wuri ɗaya ne ya gagare shi."

"Ina?"

"Kawo hannunka."

Na ɗora tafina. Baƙin hayaƙi, kakkaura, mai kaushi, yana manne wa yatsu. Na ja hannun ƙasa. Sai kaushin ya yanke. Sumul, kamar cikin tsohuwar ƙwarya. Da ɗumi.

"Nan take jingina," in ji bangon.

Na bi gefen wurin da yatsa. Ga ƙullin ɗankwali, ya karkace hagu kamar yadda take ɗaura shi. Ga wuya, a sunkuye, don tukunya take kallo. Ga kafaɗu, ta dama ta fi sauka, ita ce ta muciya. Ga bayan, da lanƙwasar nan da na kwanta a ciki kafin in san sunana. Can gefe kuma sawun tafin hannu ne, inda take dafawa ta miƙe. Na da can ya dishe, da ƙyar ta taɓa bangon a lokacin. Na yanzu ya yi zurfi har yatsuna suka shige ciki.

Na bar yatsuna a cikin sawun, ban cire ba.

"Kuka za ka yi ko aiki?" in ji Kilina.

Na kama ta na fara. Inda hayaƙi ya taɓa, na bar shi. Inda bai taɓa ba, na ɗauke baƙin. Ban ja layi ko ɗaya ba. Haske yana fitowa daga ƙarƙashin hannuna kamar dama can yana jira ne a buɗe masa. Burbuɗin da ke zuba daga jikin Kilina bai taɓa ƙasa ba, tartsatsi yake zama ya tashi sama. Tana raguwa tana rangaɗa guɗa.

"Ƙara nan! Kafaɗar, kafaɗar! Kai, ashe angon Iya yana da hannu!"

Da na ja baya, ga ta.

Mace zaune a kujera 'yar tsugunno, duk jikinta haske. Ba ido, ba hanci, ba baki. Tukunya baƙa a gabanta. Hayaƙi ya taso ya zo kanta ya rabu biyu ya wuce, kamar ruwan rafi in ya tarar da dutse.

Sai na ji takun takalma masu ƙara. Masu tantancewa ne, cikin manyan riguna, kowa da jan biro. Ba su da kai. A wuyan kowannensu firam ne na hoto, katako huɗu da gilas, cikinsa wayam.

Babbansu ya sunkuya ya duba sama ya duba ƙasa.

"Ina fuskar?"

"Tana wurin mai ita," na ce.

"Ba fuska, ba mutum. Wa zai san ko wace ce wannan?"

Kafin in buɗe baki, sai muka ji sallama.

"Assalamu alaikum, masu gida!"

Dije mai ƙosai ce, maƙwabciyarmu, ta fito daga cikin duhun da kaskonta a ka. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli masu firam ba. Ta nufi hasken kai tsaye ta rusuna.

"Iya, barka da aiki. A ɗan sam mini garwashi."

Bayanta mai ruwa ya ajiye garwarsa ya ce, "Iya, an wuni lafiya? A zuba a randa?" Sai matan layinmu, sai 'yan'uwa na ƙauye da ƙullin kayansu, sai mutanen da na sani a labari kawai, waɗanda suka ci tuwonta shekarar da aka yi yunwa. Kowa ya zo ya durƙusa, kowa sunanta yake kira. Ba wanda ya tambaya. Kyanwar gidanmu ta ratsa ta tsakanin ƙafafu ta je ta naɗe a gindin kujerar, wurin da ta saba.

A ƙarshe wani mutum ya zo, dogo, tafiyarsa irin tawa. Ban taɓa ganinsa ba. Ubana ya rasu ina goye. Ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa kusa da hasken, ya jingina kansa a kafaɗar dama, wadda ta fi sauka.

"Iya," ya ce, "na dawo."

Jan biron babban ya faɗi.

Wani daga cikinsu, ƙarami, ya yi ƙarfin hali. "To in ita ce, busa mata rai mu gani."

"Ba ta nema a wurina ba," na ce. "Ranta yana jikinta. Tana madafi, tana ɗora sanwa. Wannan wurin zamanta ne kawai."

Babban ya sunkuya ya kwance takalminsa. Sauran suka bi. Ya sa hannu biyu ya cire firam ɗin daga wuyansa, ya ɗaga, ya kai zai kewaye hasken da shi. Bai ci ba. Hasken ya tsiyayo ta sama, ya tsiyayo ta gefe, gilas ɗin ya tsage. Ya malala a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙafafunmu, ya tafi can nesa ya doki ƙofar kwalejin. Ƙofar ba ta buɗe ba. Narkewa ta yi, kamar kitse a kasko.

Na duba ƙasa. Ga inuwata ta dawo, doguwa, baƙa, tana tsaye sosai.

Matan suka ɗauki guɗa. Kilina, wadda ta rage kamar ƙwayar gero, ta fi kowa ƙara. Bangon ya yi dariya har ya sarƙe, ya shiga tari, tari, tari.

Na farka.

Tarin bai tsaya ba. Daga cikin gida yake zuwa. Rigata ta jiƙe sharkaf, zazzaɓin ya sauka. Rana ta yi sanyi, an kusa la'asar sakaliya. Kwalin yana ƙasa, fari fat.

Na sure shi na fita ba takalmi.

Iya tana madafi a kan kujerarta, ta jingina, hayaƙi ya turnuƙe, tana fifita wuta da murfin kwano tana tari.

"Au, gawa ta tashi? Ga jiƙon darbejiya can, ka shanye shi tas, ban son gulma."

"Iya, tashi."

"Me?"

"Ki tashi kaɗan. Don Allah."

"Ikon Allah. Zazzaɓin ya hau kai ke nan." Ta dafa bango, ta yunƙura, ta miƙe tana mita. "Mutum da kujerarsa, a zo a tashe shi kamar ya ci ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga inda nake kallo, ta juya.

Bangon baƙi ne ƙirin har rufi. A tsakiyarsa jar ƙasa ce mai sheƙi, da ƙullin ɗankwali, da kafaɗa ɗaya a sauke.

Na shimfiɗa kwalin a ƙasa. Na jawo mataccen gawayi daga gefen murhu, na murƙushe, na shafa da tafi biyu. Farin ya tafi.

"La ilaha! Ka ɓata takardar mutane!"

Ban ɗago ba. Na zaro kilina daga aljihun wando.

Ta tsaya a kaina. Miyarta tana tafasa tana zuba a wuta, ba ta waiga ba. Ta ga ƙullin ɗankwali ya fito. Ta ga wuya. Ta kai hannu ta taɓa nata ƙullin.

"Fuskar fa?" ta ce, a hankali.

"Riƙe abarki."

Ta kalli bangon, ta kalli kwalin, ta sake kallon bangon. Sannan ta sunkuya, ta dangwala yatsa a gefen zanen, wajen ƙasa.

"To rage nan," ta ce. "Ban kai haka faɗi ba. So kake malaman naku su ce buhu ka aura?"